Shin gulbi yana faɗawa cikin tabki?

 

Makon jiya wani dattijo ya tare ni da tambaya. Ya ce: "Malam, ɗana ya taso daga lakkol, ya ce kowane kogi teku yake zuwa. To, ba wanda ke faɗawa tabki ke nan?" Na ce masa ya bari mu taru, kowa ya ji.

Yaron yana da gaskiya game da kogin Isa, wanda ya ratsa Yamai. Shi teku yake zuwa, can kudancin Nijeriya. Amma ba duka ba ne.

Ku dubi tabkin Madarunfa. Da damina gulbin Gabi yana zuba a cikinsa. In gulbin Maraɗi ya cika, shi ma yana ƙara masa.

Babban misali shi ne tabkin Cadi, can gabas. Komadugu tana tasowa daga Nijeriya, ta bi ta Difa, ta faɗa tabkin kusa da Boso. Amma uwar ruwan ita ce kogin Shari, daga kudu. Shi ke kawo wajen kashi 9 cikin 10 na ruwan da koguna ke zubawa. Daga tabkin kuwa ba kogin da ke fita zuwa teku. Rana ke shan mafi yawan ruwan, saura ya nutse cikin ƙasa.

Saboda haka, in kogi ya rage, tabki ya rage. A 1963 faɗin tabkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi biyu. Da farin 1984 ya zo, ɓangarenmu ya ƙafe ƙaf. Masuntan Gigimi suka bi ruwa nesa, wasu suka ajiye taru suka ɗauki hauya. Ba fari kaɗai ba ne. An yi baraji a Tiga, ƙasar Kano, a 1974, an yi wani a Calawa a 1992, duka a kan ruwan da ke gangarowa Komadugu. Mai noman tattasai a Difa bai taɓa ganin Tiga ba, amma ya ji ta a gonarsa. Daga baya, shekarun da aka samu damina mai kyau, ruwa ya riƙa komowa.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Gulbi ba ruwa kaɗai yake kawowa ba. Yana ɗauko yashi da laka. A cikin tabki gudunsa ya ƙare, sai ya sauke kayansa. Duk inda muka sare itacen bakin gulbi, ko muka yi noma har gaɓa, ƙasar nan tabki za ta. Zurfi ya ragu, ruwa ya janye da wuri, kifi ya yi kaɗan.

In ruwan farko ya sauko bana, ku ɗebi na gulbi cikin kwalba, ku ajiye ya kwana. Da safe ku dubi gindin kwalbar, ku kawo ta nan wurin karatu mu gani tare.