Amana Kafin Ciniki: Yadda Sabbin Kamfanonin Manhaja Ke Samun Abokan Ciniki a Zaurukan Intanet

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ɗora mini nauyin yin bayani a kan wata sana’a da ’ya’yanmu suka fara runguma, wato ƙirƙirar manhajar kwamfuta da ta waya domin sayar wa ’yan kasuwa da ma’aikatu. Irin wannan manhaja ita ce wadda mai shagon magani zai riƙa ƙidayar kayansa da ita, ko mai makaranta ya karɓi kuɗin ɗalibai, ko ɗan kasuwa ya san wanda yake bi bashi da wanda ke bin sa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan yaro ya kammala manhajarsa, alhali ba shi da kuɗin talla, kuma ba wanda ya san sunansa, a ina zai samo abokan cinikinsa na farko?

Bari mu fara da ɗan lissafin allo. A ce kamfanin yaran nan yana karɓar Naira 5,000 duk wata daga kowane shago. A ce sun ciwo bashin Naira 300,000 sun biya Facebook ko Google domin a yi musu talla, suka sami shaguna 10. Ke nan kowane shago ya ci musu Naira 30,000, sai ya yi wata 6 yana biya kafin su mayar da kuɗin tallar kaɗai. Idan mai shagon ya janye a wata na uku, an faɗi. Babban kamfani na iya jure irin wannan faɗuwa, amma ƙaramin da jarinsa ya fito daga adashen uwa ko gonar uba, tuntuɓe ɗaya ya isa ya kai shi ƙasa.

Bayan tsada kuma, akwai batun amana. Wanda ya sayi sabulu bai ji daɗinsa ba, asararsa ’yar kaɗan ce. Wanda kuwa ya zuba littafin bashinsa da sirrin cinikinsa a cikin manhaja, ya ɗauki ran kasuwancinsa ne ya damƙa a hannun wani. Saboda haka ɗan kasuwa ba ya yanke wannan shawara don ya ga hoton talla. Maƙwabcinsa na layi yake tambaya. A yau kuwa, wannan tambaya a zaurukan intanet ake yin ta: zaurukan WhatsApp da Telegram da Facebook na masu sana’a iri ɗaya, da dandali irin su LinkedIn da Reddit, da Nairaland wanda Seun Osewa ya kafa a 2005. Shiga waɗannan wurare a zauna da mutane, a taimake su har su yarda da kai su nemi kayanka da kansu, shi ne tallar da ba a biya da kuɗi, sai da lokaci da haƙuri.

Manyan kamfanonin da muke jin sunansu ta wannan ƙofa da yawansu suka shigo. A 2007, Drew Houston na Amurka ya nuna manhajarsa ta ajiyar takardu, Dropbox, a dandalin Hacker News inda masu rubuta manhaja ke haɗuwa. A 2008 ya saki wani ɗan gajeren bidiyo a dandalin Digg, ya cusa barkwancin da ’yan wannan dandali kaɗai ke ganewa. Cikin dare ɗaya masu jiran a ba su damar gwada manhajar suka tashi daga 5,000 zuwa 75,000. Sirrin abin shi ne ya yi musu magana da harshensu, domin shi ma ɗan gida ne a cikinsu.

Haka kuma kamfanin Buffer, wanda Joel Gascoigne ya fara a Ingila a 2010. Abokin aikinsa Leo Widrich ya rubuta maƙaloli kusan 150 cikin wata 9, yana ba shafukan wasu mutane kyauta, yana koyar da yadda ake amfani da kafafen sada zumunta, kuma ta wannan hanya suka kai ga masu amfani 100,000 na farko. Shi kuwa Stewart Butterfield, kafin ya buɗe Slack ga jama’a a watan Agustan 2013, abokansa da ke wasu kamfanoni ya bi yana roƙo su gwada, yana gyara duk abin da suka kushe. A 2021 kamfanin Salesforce ya kammala sayen Slack a kan Dala biliyan 27.7. ’Yan’uwan nan biyu ’yan ƙasar Ailan, Patrick da John Collison, masu kamfanin Stripe, sun yi suna da cewa a farkon kafa kamfanin, idan mutum ya amince zai gwada, nan take suke karɓar kwamfutarsa su saka masa manhajar da hannunsu. Bahaushe ya riga ya faɗa: zuwa da kai ya fi saƙo. Kuma wannan Stripe ɗin ne a 2020 ya sayi Paystack, kamfanin da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a Legas a 2015, a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura Dala miliyan 200. Ashe ke nan sana’ar ba ta gagari ɗan Nijeriya ba.

To, mene ne matasanmu za su koya daga waɗannan?

Na farko, a zaɓi sana’a ɗaya da zaure ɗaya ko biyu. Wanda ya yi manhajar lissafin hatsi, wurinsa yana inda dillalan Dawanau ke zance. Wanda ya yi ta atamfa da shadda, ya nemi ’yan Kantin Kwari. Mai son ya gamsar da kowa da kowa a rana ɗaya, ba ya gamsar da kowa.

Na biyu, a saurara kafin a yi magana. Baƙon kirki ba ya shiga zaure ya baje hajarsa tun bai yi sallama ba. A yi makonni ana karanta koke-koken mutane, ana rubuta su da kalmomin da suka yi amfani da su. Wannan koke shi ne zai nuna abin da ya kamata a gyara a manhajar, kuma waɗannan kalmomi da su za a yi bayaninta.

Na uku, a amsa tambaya cikakkiyar amsa, ko da ba ta kai ga ciniki ba. Wani masani, Jakob Nielsen, ya bayyana a 2006 cewa a yawancin irin waɗannan dandali, cikin mutum 100, kusan 90 karatu kawai suke yi, 9 sukan tofa albarkacin bakinsu jifa-jifa, mutum 1 ne ke yawan magana. Duk malamin makaranta ya san wannan: ɗalibi ɗaya ke ɗaga hannu, amma ajin gaba ɗaya ke amfana da amsar. Idan ka warware wa mutum ɗaya matsala a zaure, akwai casa’in da suka yi shiru suna auna hankalinka.

Na huɗu, a faɗi gaskiya. Idan ka ambaci manhajarka, ka ce taka ce. Kada ka buɗe asusu da sunan bogi kana yabon kanka, kuma kada ka yi alkawarin abin da manhajar ba ta iya ba tukuna. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma zauren da ya ɗaukaka sunan mutum cikin shekara, yana iya zubar da shi cikin yini.

Na biyar, a kiyayi kwashe lambobin mutane daga zaure ana bin su da saƙonnin talla. WhatsApp yakan rufe layin da ke aika saƙo barkatai, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama’a, wadda ta ba kowane mutum ikon ƙin a yi amfani da bayanansa wajen yi masa talla.

Wajibi ne kuma in ja kunne cewa hanyar nan tana da jinkiri. Ana iya yin wata uku ko shida kafin a ga amfaninta, kuma ba ta rufe aibin manhajar da ba ta da inganci. Hasali ma saurin tona shi take yi. Don haka a riƙa tambayar kowane sabon abokin ciniki inda ya ji labari, a rubuta, domin a san zauren da ke haifar da ɗa mai ido.

Daga ƙarshe, ina kira gare ku ’yan’uwa mazauna birane. Da yawanku kuna da shaguna da makarantu da asibitoci, wasunku ma ku ne shugabannin irin waɗannan zauruka. Idan yaro ya kawo muku manhajarsa, ku gwada ta a kan aiki na gaske, ku gaya masa inda ta gaza ba tare da kara ba, domin yabon kunya cutarwa ce gare shi. Idan ta yi muku amfani, ku biya kuɗinta, sannan ku ba da shaida a gaban abokan sana’arku. Shugabannin zaure kuma su ware rana ɗaya a mako domin masu kaya su gabatar da kansu, sauran ranaku a bar su ga shawara da taimakon juna. Kamfani goma na farko da suka amince da yaro sun fi masa gudummawar kuɗi daraja, domin daga bakinsu ne ɗari na gaba za su ji labarinsa.