Mai Kunya a Gaban Allo: Lacca ga Ɗaliban Koyon Malanta



An ba ni tambaya guda: mutum mai kunya, wanda gabansa ke faɗuwa da zarar an ce ya miƙe ya yi wa jama'a magana, zai iya zama malami nagari? Amsata ita ce zai iya, amma da sharaɗi.

Da farko, duk mai wannan hali a zauren nan ya kwantar da hankalinsa, ba shi kaɗai ba ne. A shekarun 1970 Philip Zimbardo na Jami'ar Stanford a Amurka ya yi bincike, inda kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ya tambaya suka ce su masu kunya ne. Mu kuwa a gida ake horar da mu a kanta: ka sunkuyar da kai gaban babba, kada ka haɗa ido da shi, kada ka ɗaga murya. Tarbiyya ce mai kyau. Sai dai yaron da ya tashi a haka shi ne za mu tura koyarwar gwaji, mu sa shi gaban aji cike maƙil. In bakinsa ya yi rawa ranar farko, ba shaida ba ce ta cewa bai dace da aikin ba.

Ku tuna Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi. An san shi da natsuwa da ƙarancin surutu, amma in ya buɗe baki kowa sai ya saurara. Yawan magana daban, isar da magana daban.

Mai kunya ma yana da jarin da mai kaifin baki kan rasa. A 1972 wata masaniyar ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, ta bayyana sakamakon nazarin da ta yi a azuzuwa: malami yakan yi tambaya, ya jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal, sannan ya tsallaka kan wani yaro ko ya amsa da kansa. Da aka koya wa malamai jiran daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo da ma'ana, waɗanda ba sa magana suka fara ɗaga hannu. Wa ya fi mai kunya iya wannan haƙurin? Shi ya san zafin a matsa wa mutum ya yi magana bai shirya ba. Shi ne zai lura da yarinyar da ke bencin baya, wadda ta san amsa amma nauyin baki ya hana ta.

To, sharaɗin fa? Akwai wurare uku da kunya ba ta da izinin shiga. Na farko, murya: in yaron da ke ƙarshen aji bai ji ka ba, ka tauye masa haƙƙi. Na biyu, tsawatarwa: in ɗalibi ya raina aji ka yi shiru, sauran ne za su cutu, kuma kunyar mara kunya asara ce. Na uku, amana: in ka ga ana zaluntar yaro, dole ka kai maganar gaban shugaban makaranta, ko da jikinka na rawa.

Duk ukun koyon su ake yi. Tun 1963 aka ƙirƙiro a Stanford tsarin ƙaramin darasin gwaji da kwalejojinmu ke amfani da shi: ɗalibi ya koyar na 'yan mintuna gaban mutane kaɗan, a yi masa gyara, ya sake. Ku riƙe shi da muhimmanci. Ku tsara darasinku tsaf, domin rabin fargaba daga rashin shiri take. Ku haddace sunayen yaranku, domin magana da wanda ka san sunansa ta fi sauƙi. Yau da gobe, harshe zai saki.

Ku kuma abokan aikina malamai, ina roƙon ku: kada mu auna ɗalibi da ƙarfin muryarsa a makon farko, kada mu kunyata shi gaban ajinsa. Mu gyara masa a keɓe, mu ba shi dama ta biyu da ta uku. Makarantunmu na fama da ƙarancin malamai masu haƙuri da tausayi, bai kamata mu kori masu wannan hali tun daga ƙofa ba.

Allah Ya sa albarka a karatunku, Ya amfanar da al'umma da ku.