ZAFIN DA ALLAH YA AJIYE A ƘARƘASHIN ƘASARMU

Wannan shi ne jawabin da wani injiniyan lantarki, ɗan jam'iyyarmu, ya yi wa taron 'yan asalin Kauru da Lere da Kafanchan mazauna Ikko. Mun buga shi domin amfanin 'yan'uwa da ke Badun da Anaca da Fatakwal da sauran garuruwan Kurmi.

Shugaban taro, iyayenmu dattawa, mutanen Kauru da Chawai da Kumana, 'yan'uwana maza da mata, Musulmi da Kirista, ina yi muku sallama, ina kuma gode muku da kuka bar shagunanku da wuraren ayyukanku kuka halarci wannan zama.

An nemi in yi bayani a kan manufar ƙasa game da makamashin da ba ya ƙarewa, wato irin wanda ake samu daga rana da iska da ruwa da zafin da ke cikin ƙasa. Kowa a nan ya san abin da ya biya na man janareta tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur, kuma kowa ya san nawa yake aikawa gida domin niƙa da ban ruwa. Saboda haka maganar ba ta masana kaɗai ba ce, ta aljihunmu ce.

Bari mu fara da abin da ke rubuce. A 1979 aka yi dokar kafa Hukumar Makamashi ta Ƙasa. A 2003 aka amince da Manufar Makamashi ta Ƙasa, a 2005 aka fito da babban tsarin makamashi mai sabuntuwa, a 2015 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da wata manufa ta musamman a kansa. Daga nan aka ɗauki alkawarin samar da megawat 30,000 kafin 2030, kashi 30 cikin 100 daga irin wannan makamashi. Takardu dai ba mu rasa ba. An ambaci zafin ƙarƙashin ƙasa a cikinsu, amma har yau babu tasha ko guda a Nijeriya da ke ba da lantarki daga gare shi.

To, mene ne wannan zafi? Allah Ya halicci cikin ƙasa da zafi, in mutum ya haƙa rijiya, kowace kilomita ɗaya ta zurfi zafin yakan ƙaru da kimanin digiri 25 zuwa 30. Ruwan sama yakan bi tsagar duwatsu ya gangara can ƙasa, ya ɗauki zafi, sa'an nan ya dawo sama ta wata tsagar. Shi ne maɓuɓɓugar ruwan ɗumi. Waɗanda suka je Yankari sun yi wanka a Wikki, mai zafin digiri 31 rani da damina. Mazauna ƙasar Yarabawa sun san Ikogosi ta Jihar Ekiti. Akwai Akiri a ƙasar Awe ta Jihar Nasarawa, da Ruwan Zafi a Lamurde ta Jihar Adamawa, dukansu biyu sun haura digiri 50.

Abin da yawancinmu ba su sani ba shi ne, muna da tamu a ƙofar gida. Kusa da garin Lere, maƙwabciyar Kauru, akwai maɓuɓɓugar Rafin Rewa, wadda masana ilmin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka auna suka samu zafinta kimanin digiri 42. Daga cikin tsohon dutse take fitowa, irin dutsen da ya shimfiɗu a ƙasarmu har gindin tsaunukan Filato. Wannan alama ce cewa akwai tsaga mai zurfi da ruwa ke bi a wannan yanki.

Yanzu sai mu duba abin da wasu ƙasashe suka yi da irin wannan baiwa. Mutanen Italiya ne suka fara kunna fitila da tururin ƙasa a Lardarello a 1904. Ƙasar Aislan, can ƙuryar arewacin Turai inda sanyi ke kisa, da tsadar mai ta 1973 ta matsa mata, sai gwamnatinta ta zuba kuɗi a haƙar rijiyoyi da shimfiɗa bututu, har ya zama gidaje tara cikin goma da ruwan ƙasa ake ɗumama su. Kenya ta buɗe injinta na farko mai megawat 15 a Olkariya a 1981, ga shi a 2023 fiye da kashi 40 cikin 100 na lantarkin da ta samar daga tururin ƙasa ya fito. Abin lura shi ne, a Aislan da Kenya hukuma ce ta ɗauki nauyin bincike da haƙar gwaji, domin ɗan kasuwa ba ya zuba dukiyarsa a ramin da bai san abin da ke cikinsa ba.

Amma fa, jama'a, ban zo in sayar muku da biri a sama ba. Kenya tana kan babban kwarin da ƙasa ta tsage, inda duwatsu masu aman wuta suke, tururinta ya haura digiri 200. Mu ruwanmu digiri 42 ne. Duk wanda ya zo muku lokacin zaɓe ya ce zai kafa tashar lantarki a Rafin Rewa cikin shekara guda, ku tambaye shi rijiya nawa ya haƙa, zafi nawa ya auna. Haka kuma ba mu da hunturun Turai da za mu buƙaci ɗumama ɗakunan kwana wata shida. Buƙatarmu ga zafi a gona take da wurin sana'a.

Ku duba mai kiwon kaji. A makon farko 'yan tsaki suna buƙatar ɗumin digiri 32 zuwa 35, shi ya sa ake kwana ana hura gawayi ko ana ƙona kananzir a ɗakinsu. Ku duba mai ƙyanƙyasar tarwaɗa, wanda 'ya'yan kifinsa ke mutuwa da hunturu saboda ruwa ya yi sanyi, alhali digiri 27 zuwa 30 kawai suke so. Ruwan digiri 42 da aka bi da shi ta bututu ya ishi waɗannan ayyuka biyu dare da rana, ba gawayi ba mai.

Sa'an nan ga babbar magana, wato shanya amfanin gona. Kowa ya san masarar ƙasar Saminaka da Kauru, kowa ya san cittar Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a. Har yau a kan duwatsu da gefen titi ake shanya su, ƙura ta hau, dabbobi su taka, in ruwan ƙarshen damina ya sauko a kwashe da ɗanye. Masarar da aka zuba a rumbu ba ta bushe ba takan yi fumfuna, fumfunar nan kuwa tana haifar da guba mai cutar da hanta, kuma ita ce ke sa a ƙi sayen kayanmu a kasuwannin waje. Bayan annobar da ta cinye gonakin citta a 2023, manomin da ya samu ɗan abin da ya tsira bai kamata ya sake yin hasararsa a wurin shanya ba. Ɗakin busarwa da ke ɗaukar zafin rana da yini, ya ɗauki na ruwan ƙasa da dare, abu ne da maƙeranmu da masu walda za su iya ginawa. A Kenya ma, manoman Eburu sun daɗe suna busar da furen maganin ƙwari da tururin da ke fitowa daga ƙasa. Kuma duk itacen da ba a sare ba domin gawayi, riba ce ga dazuzzukanmu da ke ƙarewa.

Kada kuma mu manta da ruwa mai gudu. Tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya mai da gangaren ruwan Kurra lantarki domin ma'adinan kuza na Filato. Kogin Kaduna da ke ratsa ƙasarmu shi ke juya injinan Shiroro masu megawat 600 tun 1990. Ga madatsar Gurara mai megawat 30, ga gangaren Matsirga a bakin Kafanchan. Ruwanmu yana haska biranen wasu, ƙauyukanmu da yawa suna kwana da aci-bal-bal da tocila.

To, ina mafita? A da in an yi kuka sai a ce lantarki hurumin Gwamnatin Tarayya ne. Wannan uzuri ya ƙare. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, a watan Yuni na shekarar kuma aka sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki, wadda ta ba jihohi ikon samarwa da rarrabawa da tsara kasuwar lantarki a cikin iyakokinsu. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Yanzu ƙofar da za mu buga tana Kaduna, a gidan gwamnati da Majalisar Dokoki.

Abubuwa huɗu nake roƙon wannan taro ya rubuta ya aika gida. Na farko, jiha ta ware kuɗi a kasafi domin masana na Zariya su auna Rafin Rewa da kewayenta, su haƙa rijiyar gwaji, a buga sakamakon da Hausa kowa ya ji. Na biyu, in awo ya yi kyau, a fara da ƙaramin aiki, ɗakin busarwa da wurin ƙyanƙyasa, a hannun ƙungiyar manoma. Na uku, kafin a kafa turke ko guda, a zauna da masu ƙasar da sarakunansu a rubuta haƙƙinsu, domin mun sha ganin yadda maganar fili ke zama fitina a kudancin Kaduna, kuma ba ma son albarka ta zame mana abin rigima. Na huɗu, a nemi Hukumar Lantarkin Karkara ta kai ƙananan tashoshin hasken rana ƙauyukan da waya ba ta isa ba.

Ku da ke Kurmi kuna da murya a gida, domin kuɗinku ke gina ajujuwa da rijiyoyi, shawararku ake nema lokacin zaɓe. Duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayanku, ko ɗan jam'iyyarmu ne, ku ajiye masa waɗannan buƙatu huɗu, ya sa hannu a gaban dattawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.