Jawabi a kan gona da jingina, daga Kakuri har ƙasar Sin da Ingila

Maganarmu ta yau a kan gona ce: wane ne mai ita, kuma me ke samun noma kadan manomi bai sakankance zai daɗe a kanta ba.

Ku dubi inda muke zaune, ƙetaren kogi. Wannan waje na Kakuri da Makera da Barnawa ƙasar noman Gbagyi ce tun Turawa ba su taso da mazaunin mulki daga Zungeru zuwa Kaduna ba, a 1917. Aka buɗe masaƙa a Kakuri a 1957, ma'aikatar mota ta Peugeot a 1975, matatar mai a hanyar Kachiya a 1980. Gari ya yi ta cin gona. To, da wace hujja ake karɓar filin da mutum ya gada?

Ku sani, a 1910 Turawa suka yi doka, suka sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, wai yana riƙe da ita amana domin 'yan ƙasa. Mutum yana da haƙƙin zama da noma, amma ƙasar ba tasa ba ce. Gwamnatin Arewa ta sabunta wannan a 1962, sa'an nan mulkin soja na Obasanjo ya shimfiɗa irinta a Najeriya duka a 1978. A dokar nan, in hukuma ta karɓi fili domin amfanin jama'a, diyyar shuka da itace da gini take biya, ban da ƙasar kanta. Alhali tun gabanin haka Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da mataccen fili, raya shi yana daga cikinsu.

Yanzu mu tafi Sin. A zamanin sarakunan Cin, 1644 zuwa 1912, wanda talauci ya matsa ba ya son sayar da gona sayarwa ta har abada. Sai ya yi abin da suke kira diyan. Kada kunne ya ruɗe ku, ba diyya ba ce, jingina ce irin tamu sak. Ya karɓi kuɗi ƙasa da kimar gona, mai kuɗi ya yi ta nomawa, ran da ya samu ya fanshe, ko bayan shekaru masu yawa, ko ɗansa ko jikansa ya zo ya fansa. Ƙararraki suka yi wa alƙalai yawa, har a 1753 sarki ya hukunta cewa takardar da ta wuce shekara 30, ba a ambaci fansa a cikinta ba, ta zama ciniki yankakke. Mutanen ƙauye ba su bar al'adarsu ba. Ga kuma gado ana raba shi daidai tsakanin 'ya'ya maza. Saboda haka gonaki suka zauna ƙanana, kowa da ɗan abinsa, ana nomansu da hannu noma na ƙwarai, amma tara babbar gona wuri guda ya yi wuya.

Ingila kuwa akasin haka. Jinginarsu tana da ajali, kadan ya wuce ba a biya ba, ƙarshenta gona ta kuɓuce. Babban ɗa ke gadon ƙasa shi kaɗai. Daga wajen 1750 zuwa 1850 Majalisarsu ta yi dokoki dubbai na shinge filayen gari da makiyayar kowa da kowa. Mai ƙasa ya ba manomi mai jari haya, shi kuma ya ɗauki 'yan ƙodago, ana juya shuka shekara huɗu: alkama, sai wani rogon dabbobi, sai sha'ir, sai ciyawa mai ƙara wa ƙasa ƙarfi. Abinci ya ƙaru. Amma talakan da ya rasa inda zai ɗaure saniyarsa ya nufi masaƙun Mancesta, kuma ƙidayar 1873 ta nuna mutum wajen 7,000 ke riƙe da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Birtaniya. Wani malami, Taisu Zhang, ya yi littafi a 2017 yana cewa bambancin jinginar nan yana cikin abin da ya raba hanyar ƙasashen biyu. Wani kuma, Robert Allen, ya ce ƙananan manoma masu zama daram a gonakinsu su suka fara ƙara amfanin gona a Ingila, tun ba a yi yawancin shingen ba. Ni hankalina ya fi kwanciya da na biyun, gama Sin da kanta ta ba da shaida. A 1978 gidaje 18 na ƙauyen Shiyawogan suka raba gonar gamayya a ɓoye, kowa ya noma tasa. Hukuma ta yarda, daga baya ta ba magidanta wa'adin shekara 15. Ba a mallaka musu ƙasa ba, wa'adi kaɗai aka ba su, amma hatsin ƙasar ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa 407 a 1984.

Mu komo gida. Dokar Gwamna ba a hannunmu take ba, amma jingina a zaurukanmu ake ƙulla ta. Wa zai kai jaki ɗari na taki gonar da za a iya fansa bayan kaka? Wa zai haƙa rijiya a fadama, ko ya dasa mangwaro? Mai riƙo yana tatsa, mai ita ba ya kusa, ƙasa ta gaji a tsakaninsu. Kun kuma fi ni sanin malaman Malikiyya ba su halatta wa mai ba da rance ya shardanta cin amfanin abin da aka jinginar masa ba.

Abin da nake roƙo gare ku, tun da ku ake kira shaida: kada ku yarda a ƙulla jingina ko aro ko hayar gona da baki kawai. A rubuta, ko da ajami ne, da shaidu biyu da sanin mai unguwa. A faɗi iyaka ta gabas da yamma da kudu da arewa. A yanka ajali. A bayyana wanda zai biya taki da rijiya da itace ran rabuwa. Ingila ma sai a 1883 ta tilasta wa mai ƙasa biyan ɗan haya gyaran da ya bari a gona. Kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa, na uku ya zauna wurin malamin da ya rubuta.