Aikin Sa Kai Domin Yara Naƙasassu A Lokacin Dogon Hutu

Jama'a, kowace shekara idan dogon hutu ya zo, watau tsakiyar damina, makarantun firamare na Panda da ƙauyukanta sukan zama ba kowa. A wannan lokaci kuwa akwai yaro makaho ko kurma zaune a ɗaki shi kaɗai, kowa ya tafi gona. Saboda haka ana roƙon samari da 'yan mata masu ilmi, musamman ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, su nemi izinin hukuma da na iyaye, su tara yaran nan a aji guda domin karatu da wasa, ko da na mako ɗaya ne.

Amma fa aikin yana da ƙa'ida. Kada a ja makaho da sanda kamar yadda aka saba gani a kasuwa. Shi zai riƙe hannun ɗan jagora a saman gwiwar hannu, ɗan jagora yana gaba da rabin taki, yana faɗa masa in an zo rami ko matakala. Kurma kuwa a fuskance shi inda akwai haske. Ɗaga murya wahalar banza ce. Kafin a taɓa keken gurgu, a tambaye shi tukuna.

A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta kuma tabbatar musu da haƙƙin ilmi. Don haka duk yaron da aka samu bai taɓa shiga aji ba, a kai sunansa wurin hedimasta kafin a koma makaranta a watan Satumba.