Tsohon Laifi da Bashi a Lokacin Tantancewa: Jawabi ga Iyalan Ƙungiya a Jalingo

Iyayenmu da 'yan uwa, mun taru ne yau a kan abin da yake kayar da yaranmu wajen neman aikin ɗan sanda, soja ko kwastan. Kullum kukanmu a kan takardar shaidar ɗan asalin ƙasa ne, kuma kuka ne mai dalili. Amma akwai yaran da suke tsallake wannan, sai a zo binciken hali su faɗi, su dawo gida ba su san dalili ba.

Mu fara da laifi. Sharuɗɗan ɗaukar 'yan sanda sun ce kada mai nema ya kasance kotu ta taɓa samunsa da laifi. A lura, kotu aka ce. Kama mutum a kai shi ofishin 'yan sanda ya kwana ba hukunci ba ne, domin sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ce kowa marar laifi ne har sai an tabbatar. Inda muke cutar kanmu shi ne gaban majistare. Yaro ya yi faɗa a kasuwa, sai a ce masa ya amsa laifi ya biya tara a wuce wurin. To wannan amsawar hukunci ce, kuma tana iya biyo shi bayan shekaru, ranar da ya nemi takardar shaidar hali ta 'yan sanda. Wanda aka sallama kuma, ya karɓi kwafin hukuncin mai hatimi ya adana.

Ga masu sha'awar muƙami, sashe na 107 ya hana takarar majalisar jiha ga wanda aka hukunta kan rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓe, da wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi bai fita ba. Sashe na 192 ya ɗora wannan ma'auni a kan kwamishinoni. Afuwa tana nan, ta gwamna a sashe na 212, ta shugaban ƙasa a 175. Duk mun ga tsohon gwamna Jolly Nyame, wanda aka ɗaure a 2018 aka yafe masa a 2022. Talaka dai kada ya jingina da wannan.

Bashi kuwa ba laifi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi kawai ko saɓa yarjejeniya, don haka wanda aka tsare kan kuɗin buhun masara ya sanar da shugabannin ƙungiya. Sai dai ana neman mai shiga aikin ɗan sanda ya zama bashi bai yi masa katutu ba, bisa tunanin cewa wanda ake bi yana da sauƙin saye. Tun da aka kawo lambar BVN a 2014, rancen banki yana bin sunan mutum, ko ya ci shi a Kano ya dawo Jalingo. Sannan cek ɗin da ba kuɗi a bayansa laifi ne a dokar 1977, ɗaurin shekara 2.

Dattawan da ake kawo wa fom ɗin tsayawa, ku zaunar da yaro ku tambaye shi waɗannan abubuwa biyu kafin ku sa hannu, domin idan ya ɓoye aka gano, ku za a nema.