Madatsar Bakolori da Siyasar Tattalin Arziki: Darasi ga Al'umma

 

Ya ku iyayenmu malamai da 'yan'uwa masu sauraro, maudu'in da aka ɗora mana shi ne matsalolin siyasar tattalin arziki a yankinmu na Afirka ta Yamma, da alaƙarmu da sauran ƙasashen duniya. Wani zai ɗauka wannan magana ce ta masu mulki a Abuja da ma'aikatan Bankin Duniya, alhali kuwa duk wanda ya taɓa sayen buhun taki a kasuwar Talata Mafara, ko ya kai shanshera kasuwa a Bakura, wannan siyasa ta riga ta shiga aljihunsa. Kuma muna da madubi a ƙofar gidanmu wanda ya ishe mu fahimtar mas'alar, wato madatsar ruwa ta Bakolori.

A shekarar 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a gina ƙaramar madatsa a kan Gulbin Sakkwato, a kuma bi aikin sannu a hankali domin kada a birkita noman da mutane suka gada. Da kuɗin man fetur suka zo, sai aka ajiye wannan shawara, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, wanda reshe ne na kamfanin Fiat, kwangilar aiki mai girma. An fara gini a 1974, aka gama madatsar a 1978, da nufin shayar da kimanin hekta 23,000. Ruwan tafkin ya tashi mutane kimanin 13,000 daga gidajensu da gonakinsu a ƙasar Maradun. A wuraren da za a yi noman rani kuwa, an hana manoma shuka har a gama daidaita ƙasa, diyya kuma ta yi ta jinkiri, wadda ta zo ma ba ta kai ba.

Da haƙuri ya ƙare, manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu. A watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Adadin mamatan da gwamnati ta ambata bai kai 30 ba, amma mutanen yankin da masu bincike sun ce ɗaruruwa ne. Allah Ya jiƙansu. Su kuwa mutanen fadamun da ke ƙasa da madatsar, ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da shinkafarsu ta ragu, kifi ya yi ƙaranci, kuma babu wanda ya lissafa asararsu tun farko.

To, 'yan'uwa, ina alaƙar wannan da ƙasashen waje? Mafi yawan filin an tsara shayar da shi ne da injinan feshin ruwa, waɗanda ke buƙatar lantarki da kayan gyara daga Turai. Muddin naira tana da ƙarfi, abin yana tafiya. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauki shirin SAP bisa tsarin Asusun IMF da Bankin Duniya, aka karya darajar naira. Dalar da ake canzawa kusan naira ɗaya ta wuce naira 20 kafin ƙarshen 1993. Kayan gyara suka gagara, injinan suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, filin da ake nomawa ya koma wani yanki kaɗan na abin da aka yi alkawari. Wanda ya sayar mana da injin ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Manomin da aka karɓe wa gona shi aka bari da busasshen bututu.

Mas'ala ta biyu ita ce rashin tabbata a kan manufa guda. An hana shigo da shinkafa a 1985, aka ɗage hanin a 1995. An hana shigo da alkama a 1987, manoma suka duƙufa nomanta, sai aka buɗe ƙofa a ƙarshen 1992. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya fito da shirin rance ga manoman shinkafa, aka ce kowa ya koma gona. A 2023 aka janye tallafin man fetur, aka saki naira, dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin taki da na man injin ban-ruwa suka ninka. A Yulin 2024 kuma aka sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. Mai saye a birni ya ɗan sami sauƙi, wannan gaskiya ne, kuma yunwa ba abin wasa ba ce. Amma manomin da ya shuka da tsada ya girbe ya sayar da araha, da wace zuciya zai sake shiga gona baɗi? Noma aiki ne na lissafin shekaru, ba ya jure dokar da ke sauyawa tsakanin shuka da girbi.

Mas'ala ta uku ita ce maƙwabtaka. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975 domin mutane da kaya su riƙa zirga-zirga ba tare da shamaki ba. Duk da haka Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da hujjar hana fasa-ƙwaurin shinkafar da ake saukewa a Kwatano. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke lantarki, har zuwa farkon 2024. A ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. Mu nan mun san cewa hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni da ta Jibiya zuwa Maraɗi sun girmi ƙasashen biyu. Dabbobi da wake suna gangarowa, gero da masara suna hawa. Duk ranar da aka rufe ƙofar, babban ɗan fasa-ƙwauri yana da hanyar daji, ƙaramin ɗan kasuwa ne jarinsa ke karyewa.

Adalci ya wajabta mu faɗi abin da aka gyara. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kimanin dala miliyan 495 domin shirin TRIMING, wanda ya shafi Bakolori da Goronyo da wasu ayyukan ban-ruwa na Arewa. An gyara magudanai, an mai da wasu filayen feshi zuwa ban-ruwa ta kwata, an kuma kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Ma'anar wannan ita ce an dawo kusa da shawarar 1969 bayan shekara 45. Sai dai rance ne da za a biya da kuɗin waje, kuma magudanar da aka gyara ba ta amfanar wanda 'yan bindiga suka hana zuwa gonarsa.

Me za mu ɗauka daga wannan duka?

Na farko, shawara da masu haƙƙi wajibi ce kafin a fara aiki. Gona amana ce da dukiyar mai ita, karɓe ta ba da yardarsa ko cikakkiyar diyya ba zalunci ne, ko da an sa masa sunan ci gaba.

Na biyu, duk wata yarjejeniya ko rance da aka kawo mana, mu tambaya: wa zai gyara abin in ya lalace, da wane kuɗi, kuma wa zai biya bashin? Abin da makanikin Mafara zai iya gyarawa ya fi mana alheri a kan wanda sai an jira jirgi daga Turai.

Na uku, mu nemi wakilanmu a majalisu su tsaya a kan manufar shigo da abinci mai wa'adi sananne, wadda manomi zai ji ta kafin ya zuba iri.

Na huɗu, saɓanin shugabanni kada ya zama dalilin yanke zumunci da kasuwanci tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Nijar.

Na biyar, ya rage gare mu. Mu shiga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, mu biya kuɗin ruwa, mu yashe magudanai, mu bi diddigin lissafin shugabanninsu, kuma matasanmu masu ilimi su karanta takardun waɗannan ayyuka su fassara wa iyayensu da Hausa. Wanda bai san abin da aka rubuta a kan gonarsa ba, ba zai iya kare ta ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.